Murya ta Uku a Tsohon Faifai

Saura kwana tara a yi babban wasan cikarsu shekara talatin da biyu suna waƙa tare, Injiniya ya kira su ya ce su zo situdiyo da wuri, akwai abin da yake so su ji da kunnensu.

Tif ne ya fara isa. Shi ne siririn, mai kaɗa jita, mai rubuta baitoci. Taya ya iso bayan rabin awa, yana haki a kan matakala yana tsine wa wanda ya ƙirƙiro bene. Shi ne mai jikin, mai muryar da ake cewa ko makirfo ya mutu ba ruwanta. Ba su suka raɗa wa kansu sunan ba. Wani mai gabatar da shiri a rediyo ne ya dube su tun suna samari ya ce, "Ku kam kamar tif da taya," sunan ya bi su har ya danne na asali. Jikokinsu ma da shi suke kiransu.

Situdiyon yana saman wani shagon sayar da tayil. Ɗaki biyu ne, an manne bangon da soso mai launin toka wanda ya fara ɓanɓarewa ta kusurwa. Injiniya ya yi shekara goma sha biyar yana haɗa musu sauti, mutum ne marar yawan magana. Wata guda ke nan yana juye tsofaffin faya-fayansu a kwamfuta, don a saka guntaye a zaure kafin su fito.

"Wannan na 'Bar Min Taga a Buɗe' ne," in ji shi. "Ɗaukar farko, kafin a tace. Layi huɗu ne a kansa. Na ɗaya jita, na biyu kai Tif, na uku kai Taya. Na huɗun an rubuta 'babu komai' a jikin kwalin. To, da komai."

Ya danna.

Da farko sai shuuu na tsohon faifai. Kujera ta yi ƙara. Wata mace ta yi gyaran murya, sau biyu, sannan ta ɗauko waƙar daga farko, a hankali, ba tare da kiɗa ba. Waƙar da suka rera fiye da sau dubu ce, wadda ta fito da su duniya ta san su, amma a bakinta ta fi sanyi, kuma akwai wani lanƙwasa a ƙarshen baiti na biyu da su ba su taɓa yi ba. Tana tsaka sai ta tsaya.

"A'a, ƙanena, ba haka ba," in ji muryar. "Kana hawa kamar an biyo ka da sanda. Sauko a hankali." Ta yi dariya. "Kai kuma siriri, daina kallon yatsunka, ba gudu za su yi ba."

Taya ya laluba bayansa ya sami kujera ya zauna.

"Yaya," ya ce.

Yayarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Tela ce, kuma ita ta riƙe shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. A bayan shagonta suka fara gwaji, shi da Tif, a tsakiyar ƙyallaye da zaren da ya warware, ita tana taka keke tana waƙa da allura a gefen baki. Cikin waƙoƙi takwas na kaset ɗinsu na farko, guda shida daga bakinta karinsu ya fito. Ranar ɗauka ta rufe shago ta bi su don ta riƙa gyara musu, mai ɗaukar ya aje mata makirfo don su riƙa jin ta a kunne. Da aka zo buga kwali, manajansu na lokacin ya ce mutum biyu ake so, uku taron kasuwa ne. Suka yi shiru. Da kaset ya fito suka kai mata, ta juya bayansa ta karanta sunaye duka, har direban da aka yi wa godiya. Ta ce, "Hoton ya yi kyau." Ta buɗe durowar da take zuba maɓallai ta saka shi a ciki. Ba ta sake waƙa a gabansu ba. Bayan shekara uku ta rasu, ta bar yarinya 'yar shekara biyu.

"Na yi tunanin," in ji Injiniya, "in kun yarda, a kashe fitilu a saki wannan a zaure. Minti ɗaya kawai. Sai ku shigo a kan baiti na biyu."

"A saka," in ji Taya, yana goge fuska da bayan hannu. "Wallahi a saka. Kai Tif, ka ji ta? Ka ji yadda take sauko da ita? Shekara talatin muna ɓata wa baiwar Allah waƙa."

Tif ya ce kansa yana ciwo. Ya ɗauki jitarsa ya sauka.

Washegari aka ci gaba da gwaji da makaɗa. Mai ganga ya ƙirga huɗu, Tif ya buɗe baki zai shiga, sai ya ji gyaran murya a kunnensa na hagu, sau biyu. Ya cire hedifon ya dubi Injiniya ta gilashi.

"Ka kashe layin nan."

"Wane layi? Ban ma buɗe fayil ɗin ba yau."

Aka sake. Ya sake ji. Karo na uku ya shiga a makare, karo na huɗu ya manta baitin da shi ya rubuta da hannunsa. Taya ya yi dariya ya ce wa makaɗa, "Ku yi masa uzuri, tif ɗin ya fara sacewa." Kowa ya yi dariya, har shi Tif ɗin.

A gida abin bai bar shi ba. Da rana tsaka yana zaune a falo, matarsa Malama tana duba littattafan ɗalibanta a kan tebur, sai ya ji ƙarar keken ɗinki ta bango, irin na ƙafa, yana gudu yana tsayawa.

"Maƙwabta sun sayi keke ne?"

Malama ta ɗago ta cire tabarau. "Wane maƙwabta? Gidan nan wata uku babu kowa a ciki. Kai, lafiyarka kuwa? Jiya ka zuba gishiri a shayi ka shanye ba ka ce komai ba."

"Gajiya ce."

"Shekara ashirin da bakwai nake ganin gajiyarka. Ba wannan ba ce."

Abin da yake cinsa bai taɓa faɗa wa kowa ba, har ita.

Ranar da Yaya ta rasu suna wani gari, tafiyar awa uku a mota, za su yi wasan da ya fi kowane girma a rayuwarsu zuwa lokacin. An sayar da tikiti duka. Da ƙarfe huɗu na yamma Taya yana wanka a sama, Tif ya sauko neman ruwan zafi, sai mai karɓar baƙi na otal ɗin ya ɗaga masa hannu da kan waya. Maƙwabciyar Yaya ce take kira daga asibiti. Zazzaɓin da aka ɗauka ƙarami ne ya juye, likita ya ce a kira 'yan uwa. Tif ya ce to. Ya aje wayar. Ya tsaya yana kallon agogon bango, yana lissafin awa uku zuwa, da zauren da ya cika, da manajan da ya ce in suka ɓata wannan ba za a sake kiransu ko'ina ba. Ya ce a ransa, ai Yaya mai ƙarfi ce, gobe da sassafe ma an je. Ya ce wa mai karɓar baƙi kada ya damu abokinsa, shi zai gaya masa. Ya hau sama da ruwan zafinsa.

Suka yi wasa, aka yi ta tafi har ana hawa kujeru. Bayan sun sauka ya ce wa Taya yanzun nan saƙo ya zo. Da suka isa an riga an rufe ta da zane. Ma'aikaciyar jinya ta ce ƙarfe tara da 'yan mintuna ta cika. Tif ya sake yin lissafin a tsaye a barandar asibiti, kuma tun daga ranar bai daina yinsa ba.

Saura kwana biyar suka je duba zauren. Kujera dubu uku, duk an naɗe su, ma'aikata suna kan tsani suna rataya fitilu, wani yana gwada lasifika yana ta ƙirga ɗaya biyu. A ƙofar shiga an kafa fastarsu mai tsawon mutum uku, su biyu sun haɗa baya, an goge musu furfura da kwamfuta.

"Dubi yadda suka mai da mu angwaye," in ji Taya. "Ni wannan mutumin ko a hanya na gan shi ba zan gane shi ba."

Aka kai su ɗakin shiri, mai madubi da kwan fitila kewaye da shi, rabi sun mutu. Taya ya baje a kan kujera yana bayanin yadda yake so a yi: a kashe wuta, a saki muryar Yaya, shi zai tsaya a dama, Tif a hagu, a bar tsakiya babu kowa.

Tif ya rufe ƙofa ya jingina da ita.

"Saƙon nan ba bayan wasa ya zo ba."

"Wane saƙo?"

"Na Yaya. Ƙarfe huɗu ya zo. Kana wanka. Ni na ɗauki wayar."

Daga waje mai gwada lasifika yana ta ɗaya biyu, ɗaya biyu. Tif ya faɗi sauran, yana kallon ƙasa: ruwan zafin, agogon, abin da ya ce wa mai karɓar baƙi. Bai nemi uzuri ba, don ya daɗe da gwada duk uzurin da ke akwai a kansa, babu wanda ya tsaya da ƙafarsa.

"Da ranta ke nan lokacin," in ji Taya.

"Da ranta."

"Tana magana?"

"Tana yi."

"Me ta ce?"

Tif ya ce, "Matar ta ce, ta ce a ce wa ƙanena ya zo, kada ya tsaya sayen komai a hanya."

Taya ya dafa gwiwa ya miƙe, da ƙyar, kamar wanda aka ɗora wa buhu. Ya zo gab da Tif har suna jin numfashin juna. Tif ya ɗauka mari ne, ya kuma so a ce marin ne. Taya ya ce, "Ba ni hanya." Ya ba shi.

Kwana biyu wayar Taya a kashe. Masu shirya wasa suka yi ta kiran Tif, Injiniya ya sallami makaɗa ya ce musu mura ce. Tif ya gaya wa Malama komai a kicin, tana yanka albasa. Ta aje wuƙar ta daɗe tana kallonsa.

"Shi ya sa duk ranar wasa ba ka ɗaukar waya," ta ce. "Ni ina ta cewa girman kai ne."

Rana ta uku da hantsi aka yi hon a ƙofar gida. Taya ne a tsohuwar motarsa, bai aske gemu ba, da rigar shekaranjiya a jikinsa. Tif ya shiga ya zauna a gaba. Ba su gaisa ba. Taya ya kashe injin ya riƙe sitiyari da hannu biyu.

"Kwana biyu ina neman yadda zan tsane ka," ya ce. "Na iya na yini ɗaya. Na biyun ne ya gagara."

Taya ya ci gaba, idonsa a kan titi.

"Ranar nan da ka shigo ɗaki da kofin nan, na ga fuskarka. Ruwan yana zuba a kan kafet ba ka ko lura ba. Na san Yaya ba ta da lafiya da muka taho, ni na sayo mata magani. Na san akwai waya a ƙasa. Na buɗe baki zan ce me ya faru, sai na ɗauki takalmina na fara gogewa." Ya buga sitiyarin da tafin hannu, a hankali. "Na goge takalmin nan har ina ganin fuskata a ciki. Ina tsoron in tambaya ka ba ni amsa. Ni ma ina son hawa dandamalin nan, Tif. Kamar raina nake sonsa."

"Ba ɗaya ba ne. Ni na ji da kunnena."

"Ba ɗaya ba ne," in ji Taya. "Naka ya fi. Kada ka ɗauka na yafe maka, ban kai nan ba. Cewa nake kawai ban da bakin da zan zage ka da shi." Ya tayar da mota. "Injiniya ya juye min muryar a waya. Akwai wadda ta fi mu haƙƙin jinta, mu kuma muna ta shirin saka wa mutum dubu uku ba mu ko tuna da ita ba."

Tilo yake nufi, 'yar Yaya. A gidan Taya ta girma bayan ubanta ya sake aure ya bar gari. Yanzu shekararta talatin da ɗaya, tana da kantin magani a kusa da tashar mota. Suka tarar tana yi wa wani tsoho bayanin ƙwaya, ɗaya da safe ɗaya da yamma, tana zana masa a jikin kwali. Da ta gan su tare a irin wannan lokaci, ta dube su sama da ƙasa.

"Kawu, wa ya rasu?"

"Babu kowa. Rufe kantin na minti goma."

Ta kai su ɗakin ajiya na baya, inda katan-katan suka kai rufi, ga ƙaramin firji yana gurnani. Taya ya miƙa mata waya da abin sawa a kunne.

"Uwarki ce," ya ce.

Ta zauna a kan katan. Suna kallonta, ba sa jin komai sai firjin. Da farko fuskarta ba ta nuna komai ba. Can sai ta ɗan zabura, ta kai hannu baki, suka gane an zo wurin dariyar. Da ya ƙare ta mai da shi farko. Sau uku ta ji. Wani ya yi ta buga ƙofar kanti ya gaji ya tafi.

"Ashe haka take," ta ce. "Ni a raina muryarta siririya ce. Ban san me ya sa ba." Ta share ido. "Kuma masifaffiya ce."

"Ba kaɗan ba," in ji Taya.

Sannan suka gaya mata sauran. Tif ya fara da nasa, Taya ya ɗora da nasa, har da zancen kwalin kaset da durowar maɓallai. Tilo ta saurara tana naɗe wayar abin kunnen a yatsa tana warwarewa.

"Baba Tif," ta ce, "kai ne kake kai ni makaranta duk ranar da motar Kawu ta ƙi tashi."

"Ni ne."

"Kana kallona kana sane."

"Kullum."

Ta gyaɗa kai. "Ban san abin da zan ce muku ba. Wataƙila sai nan gaba zan ji haushin, yanzu kaina ya cika. Amma abu ɗaya na sani. Ba za a saka wannan a zaure ba."

"Tilo," in ji Taya, "don a san ita ce..."

"A'a, Kawu. A kashe fitila mutane su yi kuka su yi tafi, gobe in ji dariyar uwata tana tashi a wayar wani a cikin bas? Kun yi shekara talatin kuna cin waƙarta. Wannan minti ukun ku bar min." Ta tura wa kanta fayil ɗin, ta goge na wayarsa a gabansa, ta miƙa masa. "Ka ce wa Injiniya ya kawo min faifan. Sunanta kuwa, ku faɗa. Da bakinku, da cikakkensa, ba 'wata 'yar uwarmu' ba. Kuma a rubuta shi duk inda aka rubuta waƙoƙin nan shida."

"Za ki zo?" in ji Tif.

"Ban sani ba. Ina da masu jiran magani."

Ba ta zo ba. Zauren ya cika har ana tsaye a baya. Kafin su fita, suna tsaye a bayan labule, Taya ya ce ba tare da ya juyo ba, "Bayan wannan zan huta. Ban san har yaushe ba." Tif ya ce to. Da aka zo kan waƙar, Tif ya matsa gaban makirfo ya faɗi sunan Yaya, ya ce tela ce, ya ce ita ta yi karin wannan da wasu biyar, kuma su suka bar sunanta a waje suna sane. Aka yi tafi, don mutane ba su san abin da za su yi ba in ba tafin ba. Jaridu suka ce wasan ya yi kyau, sai dai muryar Taya ta karye sau biyu.

Har yau ba su sake hawa dandamali ba, ba su kuma ce sun daina ba. Ranar Laraba Taya yakan biyo ya ɗauki Tif su je kantin Tilo. Ita ta nemi haka. Takan aje musu kujeru biyu a bayan kanta, tana sallamar masu saye tana jefo musu tambaya ɗaya-ɗaya: ko uwarta tana tsoron kare, ko ta iya keken hawa, me take cewa in ta yi fushi. Wani lokaci amsar tana bakinsu, har su yi ta katse juna. Makon jiya ta tambaye su wane irin takalmi take sawa. Taya ya ce silifa ne shuɗi. Tif ya ce a'a, rufaffe ne baƙi mai igiya. Suka yi ta musu har Tilo ta ce su bari, ba komai. A hanyar komawa Taya ya wuce kwanar gidan Tif bai lura ba, Tif ma bai ce masa ya wuce ba, sai da suka kai ƙarshen titin.